Jijiya Tana Tafiya Inci Ɗaya a Wata

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni fili cikin jaridarka, ko da ya ke na san takardata ta yi tsawo, domin in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna da sauran masu karatu bisa wani al'amari da ya daɗe yana ci mini rai. Su na nufa musamman, domin a unguwa ko a ƙauye, in an sayo magani mai rubutun Turanci a jikin kwali, wurinmu a ke kawowa a ce, "Malam, duba mana wannan." Abin da muka faɗa kuwa shi a ke riƙewa. To, wanda a ke yi wa irin wannan tambaya, lalle ya kamata ya san abin da zai amsa.

Al'amarin kuwa shi ne na wani gari da a ke sayarwa cikin 'yan ƙananan takardu, a kan kira shi sitem sel. Ana yawo da shi ofis ofis, har ɗakin hutawar malamai, ana cewa a zuba ƙarƙashin harshe kowace safiya, wai yana sabunta jiki duka, har hannun da ya mutu bayan haɗarin babur, ko ƙafar da yaro ke ja bayan allura. Waɗansu kuma tafiya su ke talla: wai akwai asibitoci a ƙasashen waje inda za a yi wa mutum allurar waɗansu ƙwayoyin halitta, jijiyarsa ta haɗe ba tare da an tsaga shi ba. Ga kuma masu ƙwayoyin bitamin, da masu tsara wa mutum abin da zai ci. Ba zan ce duk maganarsu iska ce ba. Akwai ilmi na gaskiya a gindinta, shi ya sa ma ta fi kama mai karatu bisa ga wanda bai yi ba. Amma an ɗauko ilmin an ɗora shi inda ba wurinsa ba, wanda ya saya kuwa, bayan kuɗinsa, yana hasarar watanni waɗanda ba mai iya mayar masa da su.

Sai mu fara da kalmar kanta, domin a nan rikici ke farawa. Mu Hausawa abu uku mu ke kira jijiya. Akwai wadda jini ke gudana ciki, akwai mai ƙarfi wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi kamar agara, akwai kuma farar igiya mai laushi wadda ta fito daga lakar gadon baya ta bazu cikin gaɓoɓi. Ta ukun nan na ke nufi. Ita ke kai umurni daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka a ce motsa, ita kuma ke komo da labari daga fata cewa ga zafi, ga sanyi, ga ƙaya. In ka dube ta da madubin likita sai ka ga zaruruwa ne dubbai aka tufka, kowane zare da kubensa. Kowane zare kuwa reshe ne na ƙwayar halitta guda ɗaya wadda ke zaune can cikin laka ko gefenta. Watau zaren da ke motsa yatsan ƙafarka, uwarsa tana can bisa ƙugunka, tsawonsa ya kusa yadi guda.

Cikin shekarar 1850 wani likita na Ingila, Augustus Waller, ya yanke jijiyoyin harshen kwaɗi, ya zauna yana duban abin da zai faru. Sai ya ga sashen da aka raba da uwarsa ya rugurguje cikin 'yan kwanaki, sashen da ke haɗe da uwa kuwa yana nan da ransa. Wannan ƙa'ida har yau ba ta sake ba. Ko da likita ya ɗinke jijiya a ranar da ta tsinke, zaruruwan da ke ƙasan raunin mutuwa za su yi; ɗinkin ba ya haɗa su kamar yadda mai gyaran lantarki ke murɗa waya biyu fitila ta kama nan take. Abin da ɗinki ke yi shi ne ya daidaita bakin kube da bakin kube. Sa'an nan sababbin zaruruwa su tsiro daga sashen sama mai rai, su bi tsofaffin kube, su yi ta yaɗo kamar duman da ke bin darni, har su isa inda za su. Masu share musu hanya da ciyad da su kuwa waɗansu ƙwayoyin halitta ne da ke jere jikin kuben, waɗanda a ke kira da sunan Schwann, Bajamushen da ya bayyana su a 1839. A riƙe sunan nan, za mu komo kansa.

To, yaya saurin wannan yaɗo? Kamar milimita ɗaya a yini, watau wajen inci ɗaya a wata. Jama'a, a yi lissafi da ni. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsa inci 7 ne ko kusa, wata 7 ke nan, ban da makonnin farko da tsiron ke ɓatawa kafin ya ƙetare wurin ɗinki. Daga kafaɗa zuwa tafin hannu kuwa ya wuce inci 20, ya tasam ma shekara biyu. Da a ce tsoka tana jira har abada, da da sauƙi, sannu ba ta hana zuwa. Amma ba ta jira. Tsokar da saƙo ya daina zuwa mata sai ta riƙa ramewa, kamar gonar da aka bar nomawa, in an daɗe ta zama saura, in an ƙara daɗewa ta koma daji. Likitoci sun ce tsakanin wata 12 zuwa 18 ne iyakarta. Bayan wannan ko zaren ya iso sai ya tarar tsoka ta koma kitse da tabo. Su ƙwayoyin Schwann ma da ke can ƙasa suna jiran baƙo, in watanni suka shuɗe bai zo ba, sai su gaji su ragu. Saboda haka kowane wata da aka yi ana shan gari a gida, daga cikin waɗannan 18 aka cire shi, alhali tafiyar ba a ko soma ta ba.

Na san abin da za a ce mini: "Malam, ai mun ga wanda ya sha ya warke." Na yarda kun gani, ga kuwa dalili. A 1943, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wani likita a Oksfod mai suna Herbert Seddon, wanda ke duba masu rauni, ya kasa raunin jijiya kashi uku. Na fari, danne ta kawai aka yi, kamar wanda ya yi barci bisa hannunsa ya tashi hannu ya saki. Zaruruwa ba su mutu ba, cikin makonni ya kan warke. Na biyu, zaruruwa sun tsinke amma kube yana nan lafiya, sai su sake tsirowa su bi hanyarsu da kansu. Na uku shi ne wanda igiyar duka ta rabu biyu, wannan kuwa ba ya warkewa sai an ɗinka. Wahalar ita ce a makonnin farko duka ukun kamarsu ɗaya, hannu ya saki, fata ba ta ji. Cikin masu karaya a ƙashin damtse, kusan ɗaya cikin goma wuyan hannunsa kan saki, amma mafi yawansu su kan komo daidai cikin 'yan watanni ba tare da an yi musu aiki ba. In irin wannan ya sha gari, gari ya yi suna. Wanda tasa ta rabu biyu kuwa, ya sha bai warke ba, ba a kawo shi wurin talla ya ba da shaida. Sai a ce masa bai sha da yawa ba, ya ƙara kwali biyu.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan wana tela ne. Wata damina iska ta yaye rufin shagonsa, ya kai hannu zai tare kwano, kwanon ya yanke shi a wuyan hannun dama, ta gefen ƙaramin yatsa. Aka kai shi wani kemis aka ɗinke fata, jini ya tsaya, kowa ya ce an auna arziki. Bayan kwana 10 ya zo gaishe ni, na ga yana riƙe da kofin shayi mai zafi, ƙaramin yatsansa manne da kofin, bai ko sani ba. Na ɗauki allura na tsikare shi: ƙaramin yatsa ba ya ji, rabin wanda ke bi masa ba ya ji, sauran lafiya lau. Na ce ya ware yatsunsa ya haɗe, ya kasa. A lokacin kuwa har wata gwaggonsa ta sayo masa kwalin garin nan da kuɗin adashinta, don ƙauna ta yi, ba mai zarginta. Na ce da wana, "Yaya, gari ba ya guduwa, amma yaron nan gobe sai babban asibiti." Sai da muka yi zuwa uku kafin mu ga likitan da ya san aikin. Da ya buɗe, ya tarar jijiyar ta rabu biyu, bakunan sun fara ja da baya amma suna iya haɗuwa. Ya ɗinke ta ƙarƙashin madubi, da zaren da ya fi gashin kai siriri.

Likitan ya koya mini wata dabara wadda na so ƙwarai. In ka bi hanyar jijiya kana ƙwanƙwasawa a hankali da kan yatsa, daga ƙasa zuwa sama, inda kan tsiron ya kai sai mai rauni ya ji zirr har yatsunsa, kamar ya taɓa wayar lantarki. Likitoci biyu suka bayyana wannan alama cikin shekara guda, 1915, Jules Tinel Bafaranshe da Paul Hoffmann Bajamushe, kowanne yana jiyyar sojojin ƙasarsa alhali ƙasashen nasu suna yaƙi da juna. Sai na sami littafi, ran ɗaya ga kowane wata in ƙwanƙwasa, in sa ɗigon alƙalami, mu auna da tef ɗinsa na ɗinki daga tabon zuwa ɗigon. Wata na fari ba kome, har ransa ya ɓaci. Daga nan sai ɗigo ya fara gusawa, wani wata inci guda, wani wata ƙasa da haka. Na koyar da lissafi shekaru da yawa, ban taɓa jin daɗin awo kamar wannan ba. Bayan shekara guda yana jin zafi da tsini, ya koma kan kekensa. Amma a faɗi gaskiya, hannun bai koma yadda ya ke a dā ba. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya faɗa, almakashi na gajiyad da shi, in hunturu ya zo yatsan na yi masa zogi. Wannan fa shi ne wanda aka yi wa aiki cikin wata guda.

A layin asibitin nan na sadu da wani uba da ɗansa mai shekara 6, yana jan ƙafar hagu. Allurar zazzaɓi aka yi masa a mazaunai shekara biyu da suka wuce, ta sami babbar jijiyar da ke sauka bayan cinya. Uban mai karatu ne kamar mu, ya nuna mini takardun magungunan da ya saya, ya jera su tsaf cikin fayil. Likita ya ce masa lokacin jijiya ya wuce, abin da ya rage sai a sauya wa wata agara wurin zama ta riƙa ɗaga ƙafar. Tun da na ambaci wannan, bari in ce, ƙaramin yaro a cinya a ke yi masa allura, ta gaba wajen gefe. Babba kuwa in za a yi masa a mazaunai, sai can sama ta gefe. Uwa tana da ikon ta tambayi mai allura kafin ya soka.

Yanzu sai mu zo kan sitem sel na gaskiya, domin akwai shi. An gina jikin mutum da ƙwayoyin halitta iri iri, kowace da sana'arta, ta fata, ta jini, ta ƙashi. Amma akwai waɗansu da ba su riga sun kama sana'a ba, kamar yaron da ba a kai shi koyon aiki ba tukuna, yana iya zama maƙeri ko masaƙi. Su zan kira ƙwayoyin asali. Wajen 1970 wani malami a Mosko, Alexander Friedenstein, ya nuna akwai irinsu cikin ɓargo. Daga baya aka sami 'yan'uwansu cikin kitse, da igiyar cibiyar jariri, har da cikin haƙori. A 2006 kuma Shinya Yamanaka na Kyoto ta ƙasar Japan ya ɗauki ƙwayar ɓera wadda ta riga ta kama sana'a, ya mai da ita ƙuruciya, aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Wannan aiki ne babba, ba wanda ya isa ya raina shi.

Abin da ya sa likitocin jijiya suka sa rai gare su shi ne wahalar giɓi. In rauni ya cinye wani yanki na jijiya, bakuna biyu ba su haɗuwa, ba a kuwa jan jijiya da ƙarfi a ɗinke, in an ja ta sai jini ya daina isa gare ta. Dabarar da ta fi kyau har yau ita ce a yanko wata jijiya daga jikin mutumin kansa, galibi wadda ke bayan ƙwauri, a yi gada da ita, domin tana zuwa da kubenta da ƙwayoyin Schwann nata. Amma an biya bashi da bashi ke nan, gefen ƙafar zai zauna ba ji. An ƙera ƙananan bututu da a ke sa bakunan biyu ciki, sai dai amfaninsu kaɗan ne in giɓin ya wuce santimita 3, domin cikinsu fanko ne, ba mai share hanya, ba mai ciyarwa. To, sai masu bincike suka ce, me zai hana a cika bututun da ƙwayoyin asali, a koya musu sana'ar Schwann? Tunani ne mai kyau. An gwada a jikin ɓeraye sau da yawa, a kan yanke jijiyar cinya a bar giɓin santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma bututu mai ƙwayoyi ya kan fi fanko. An lura dai mafi yawan ƙwayoyin ba su daɗewa a wurin. Amfaninsu yana ga waɗansu sinadarai da su ke fitarwa masu ƙarfafa tsiro, kamar taki a gona.

Amma ɓera dabam, mutum dabam. Ɓeran gwaji matashi ne lafiyayye, an yanke shi da wuƙa mai tsabta, an gyara nan take, daga cinyarsa zuwa yatsunsa kuwa 'yan inci kaɗan ne. Ɗan acaɓan da ya faɗi bisa kafaɗa, jijiyoyinsa fizge su aka yi, ya zo asibiti bayan wata 5, ga tafiyar inci 20 a gabansa. A jikin mutane abin da aka yi tukuna gwaje-gwaje ne ƙanana. A 2016 likitocin Jami'ar Miami ta Amurka suka ba da labarin wata matashiya wadda farfelar jirgin ruwa ta datse mata babbar jijiyar cinya, giɓi santimita 7 da rabi. Suka ɗebi ƙwayoyin Schwann na jikinta, suka rene su a ɗakin bincike har suka yi yawa, suka zuba su tare da gadar jijiya. Ta sami ɗan ji da motsi. Sai dai a lura, aikin fiɗa aka yi mata, ƙwayoyin ƙari ne bisa ɗinki. Kuma da mutum ɗaya ba a iya rarrabe aikin ƙwayoyi da aikin gada. Har yanzu allurar ƙwayoyin asali ba ta shiga cikin maganin da likitoci suka tabbatar don tsinkakkiyar jijiya ba. Wanda ya ce ka biya shi ya yi maka, gwaji zai yi a jikinka, kai kuma ka biya kuɗin gwajin.

Kada kuma a ce in bai yi amfani ba ai ba ya cutarwa. A 2017 wata babbar mujallar likitoci ta Amurka ta buga labarin tsofaffin mata uku a jihar Fulorida, waɗanda aka ɗebi kitsen cikinsu aka tace, aka yi musu allurarsa a idanu biyu, kowacce ta biya dala 5,000. Duka ukun ganinsu ya lalace, ɗaya ta makance ɗungum. Ba rashin wayo ya kai su ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Garin da a ke sayarwa a nan kuwa ko wannan matsayi bai kai ba. Ka juya takardar ka karanta, za ka ga an rubuta ƙwayoyin asali na tuffa ne ko na inabi. Itace ma yana da nasa, gaskiya ne, amma ƙwayar tuffa, tuffa ta iya yi, ba ta san jijiyar mutum ba. Wadda aka busar aka niƙa kuwa ta riga ta mutu, abin da aka haɗiye kuma ciki na narkad da shi kamar kowane tuwo.

Maganar abinci ta fi wannan tushe, shi ya sa ta ke bukatar a rarrabe ta a hankali. Gaskiya ne rashin waɗansu abubuwa cikin abinci yana lalata jijiyoyi. A shekarun 1890 wani likita na Holan, Christiaan Eijkman, yana aiki a tsibirin Jawa, ya ga kajinsa na gwaji ƙafafunsu sun shanye kamar na masu ciwon da a ke kira beriberi. Can sai kajin suka warke da kansu. Da ya bincika, ashe dā ana ba su ragowar farar shinkafa ta asibitin soja, sai aka sake kuku, sabon ya ce shi ba zai ba kajin farar hula shinkafar soja ba, aka koma ba su wadda ba a surfe ba. Ashe maganin yana cikin dusa. Shi ne bitamin B1, Eijkman kuwa ya sami kyautar Nobel a 1929. A ƙasarmu ma, Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya rubuta a 1968 bisa wani ciwon jijiya da ke sa mutane tangaɗi da raunin gani da ji a ƙasar Yarabawa, ya danganta shi da yawan dogara ga rogo tare da ƙarancin sauran abinci mai gina jiki. Bitamin B12 kuma, wanda ke cikin hanta da nama da kifi da ƙwai da nono, in ya yi ƙaranci ƙafafu kan riƙa zafi da jin kamar tafiyar kiyashi. Tsofaffi, da masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin, su ya fi samu.

Duk waɗannan ciwon rashi ne, maganin rashi kuwa a ba da abin da aka rasa. Jijiyar da kwano ya yanke ba yunwa ke damunta ba. Fitilar da kananzir ya ƙare mata, ƙara mai ne maganinta. Wadda lagwaninta ya tsinke, ko ka cika ta har ta zube ba ta kamawa. A 2008 ƙungiyar Cochrane, masu tattara gwaje-gwajen likitoci su auna su, suka duba gwaji 13 na bitamin B ga masu ciwon jijiya, suka ce hujjar ba ta isa a yanke hukunci ba. Man kifi da kurkum, waɗanda a ke yawan ambata, su ma mafi yawan shaidarsu a kan ɗinkakkiyar jijiya daga ɓeraye ta fito. Akwai ma abin da ya fi wannan, watau B6 in ya yi yawa shi kansa yana lalata jijiya. A 1983 likitoci a Amurka suka bayyana mutum 7 da suka riƙa shan giram 2 zuwa 6 kullum har tafiya ta yi musu wuya. Abin da jiki ke bukata a yini bai wuce miligiram 2 ba, hukumar abinci ta Tarayyar Turai kuwa a 2023 ta sa iyakar babba a miligiram 12, alhali waɗansu ƙwayoyin "maganin jijiya" da a ke saya a kemis ba takardar likita, kowace ɗaya tana da 100 ko 200. Mutum ya ji ƙafarsa na zirr, ya ƙara ƙwaya, zirr ya ƙaru, ya sake ƙarawa. Malam, in an kawo maka kwali, nemi wannan layin ka karanta musu.

To, me mai rauni zai ci? Abincin gida, ya ƙoshi. Jikin da ke gina sabon zare yana son wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono, da ganye irin su zogale da alayyafo, da hatsin da ba a surfe shi ya yi fari fat ba. Kuɗin kwali ɗaya na garin nan ya isa ya sayi ƙwai na makonni. Ya bar taba, domin tana ƙuntata ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyad da tsiron, ya bar giya, in mai sukari ne ya tsare sukarinsa. Abin da aka fi mantawa, ba kuwa ya cin kwabo, shi ne tsare gaɓar kafin jijiya ta iso. Kullum a lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe, da ɗaya hannun ko da taimakon wani, don kada ta sandare. Masu gashin ƙashi a asibiti su kan nuna yadda a ke yi. Fatar da ba ta ji kuwa a kiyaye ta daga wuta da ƙaya. Mun san wannan daga kuturta, ƙuna da raunin da ba a ji ba su ke cinye yatsu. Masu gasa mataccen hannu da tsumma mai zafi su yi hattara.

Game da lokaci kuwa, ga abin da na koya a wurin likitoci. In wuƙa ko kwalba ko kwano ya yanki mutum, aka ga wani sashe ba ya ji ko ba ya motsi, a ɗauka jijiya ta rabu, a nemi likitan fiɗa cikin kwanaki, ko da fata ta rufe sumul. In kuwa faɗuwa ce ko karaya ko allura, a kan jira a ga irin raunin, amma jiran a hannun likita, yana dubawa, yana gwadawa da na'urar da ke auna tafiyar saƙo cikin jijiya. In wata 3 ya cika ba alamar komowa, a fara maganar aiki, kada a bari ya wuce wata 6. Ko ga ɗan acaɓan nan akwai dabara, in yatsunsa na motsi amma gwiwar hannu ba ta naɗewa. A 1994 wani likita a birnin Faris, Christophe Oberlin, ya nuna ana iya ɗaukar 'yan zaruruwa daga wata jijiya mai rai a damtse, a juya su zuwa tsokar da ke naɗe gwiwar hannu, can kusa da ita, sai doguwar tafiya ta koma ta 'yan watanni. Amma ita ma sai in tsokar na da sauran rai.

Na sani masu irin wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan, tafiyar kuwa da tsada ga talaka. Mu ma sai da muka sha yawo kafin mu dace da ƙofar da ta kamata, alhali muna iya karanta allon da ke bakin kowace ƙofa. Saboda haka, Malam Edita, ina roƙon likitocin da ke karanta jaridarka, wani ya taimaka ya rubuto mana asibitocin da a ke ɗinkin jijiya a Arewa, da sunan sashen da za a tambaya, da ranakun da a ke ganin masu zuwa daga nesa, da takardar da ya kamata su riƙo daga asibitin garinsu. In ka buga, ni zan kwafe da hannuna in manna a ɗakin malamai da ƙofar gidan mai unguwarmu.

Haza wassalam.

Naka,
Wani tsohon malamin lissafi.